Damin da na mayar

Ɗan baffana ya cinye mini gonar shinkafa a fadamar Bengou, gonar da ubana ya sare da hannunsa. Kuma a gaban sarkin gari da dattawa ya yi, ko kunya babu.

Shekarun baya na samu aikin tuƙin kamyo, babbar motar kaya, ina kai gyaɗa bakin kogi ana haye da ita Malanville. Sai na ba ɗan baffan nawa aron gonar. A wajenmu wanda ya ari gona, kowace kaka yana kai wa mai ita dami ɗaya a idon jama'a, don kada a manta ta wa ce. Kakar farko ya aiko da damin. Na mayar masa, na ce kakanmu ɗaya, ba zan karɓi dami a hannunsa kamar baƙo ba. Bai sake aikowa ba.

Da ciwon baya ya raba ni da mota, na dawo neman gonata. Ya ce wace gona? Dattawa suka tambaye ni ko na taɓa karɓar dami. Na ce a'a. Suka dubi juna, suka ce to ai kyauta ke nan.

Shi kuwa ya yi zama a Birnin Kebbi yana saurayi, ya dawo da Ingilishi a baki. Ranar kasuwar Gaya ya tare ni wajen masu kifi, yana murmushi.

"Yaya, daina fushi. Abin da ka yi yana da suna a Ingilishi, cede, wato sallamawa. Daga Latin ta fito, cedere, mutum ya tafi, ya ja baya ya bar wa wani wuri. Kai ka tafi, ni na zauna."

Ban yi nisa a lakwal, makarantar boko, ba, amma na san céder ta Faransanci. Da bulala mushe, malaminmu, ya koya mana ita: in kumandan, Baturen mulki, ya taho, a kauce. Na kauce wa kumandan, na kauce wa gardi, dogarinsa, na kauce wa duk mai takalmi da hular kwano. Ran nan ban matsa ba. Na kama hannun rigarsa, masu kifi suna kallo, na ce:

"Kai, saurara. Mutanen Latin ba su taɓa cin shinkafar Bengou ba, bar su can. Dami na bar maka, ban bar maka gona ba. Ruwan fari na sauka za ka same ni a cikinta da irin shinkafata. In za ka fitar da ni, ka zo da kanka, kada ka turo 'ya'yanka."