Ranar da Aka Kulle Mana Ɗakin Ƙasa

A shekarata ta biyu a unguwar Bronx ta New York na shiga cocin Metodis, kuma ba don na san komai game da su ba. A ƙauyenmu da ke kusa da Zariya wata ɗariƙa daban muke bi tun zamanin kakana. Wannan cocin dai shi ne mafi kusa da ɗakin da nake haya a titin Grand Concourse. Tsohon gini ne na dutse wanda zai ɗauki mutum ɗari biyar, amma ran Lahadi da kyar mu kai sittin, yawanci tsofaffi 'yan Karibiyan da wasu 'yan Ghana.

Duk mai son zama ɗan ikilisiya sai ya yi mako shida a ajin sababbin shiga. Mai koyar da ajin wata tsohuwar malamar makaranta ce 'yar Jamaika, kowa Mama yake ce mata. Ita ce ta fara ba ni labarin mutanen farko. Ta ce fiye da shekara ɗari biyu da suka wuce, a Ingila, an hana masu wa'azinsu hawa bagadi, sai suka fita filin Allah suna yi wa masu haƙar kwal wa'azi. Mutane kan fashe da kuka, wasu su faɗi ƙasa, manyan gari kuma su ce hauka ne. Sukan kasa kansu goma sha biyu-sha biyu, su haɗu kowane mako, a tambayi kowa halin da ransa ke ciki. Har a nan New York, in ji ta, wata baƙuwa ce irina ta tsaya kan wani ɗan'uwanta kafinta sai da ya yi wa mutum biyar wa'azi a ɗakinsa.

Ta ara mini wani littafin tarihi mai yagaggen bango. A jirgin ƙasa na layin D nake karanta shi, a hanyata ta zuwa gidan tsohon da nake jinya. Da na gama na tambaye ta me ya sa aka daina irin wannan haɗuwa. Ta ce ba wanda ya hana, mutane ne suka waye har suka fi ƙarfin a tambaye su.

Mu takwas muka sake fara irin wannan haɗuwa, duk masu aikin jinya ne sai Mama. Fasto, wani saurayi mai sanyin hali, ya ba mu ɗakin da ke ƙasan coci kowace Alhamis da la'asar. Mama kan bi mu ɗaya bayan ɗaya da tambaya guda: yaya ranki yake a makon nan? Ni kullum amsata ɗaya ce, lafiya lau, na gode Allah. Ƙarya nake yi. Babana ya rasu wata bakwai da isowata, takarduna kuma ba su ba ni damar fita in dawo ba. Ta waya na ji ana zuba masa ƙasa, ina tsaye a kicin ɗin wani ina dama masa abin kari. Tun daga ranar ban ƙara yin addu'a ba. Nakan rufe ido tare da jama'a, in ce amin idan sun ce.

Wata Alhamis cikin watan Afrilu tambayar ta zo kaina, na ba da amsar da na saba. Mama ba ta wuce ba. Ta zuba mini ido tana jira. Kusa da ni akwai wata 'yar Ghana da ta tashi a zangon Kumasi, ita kaɗai ce ke jin Hausa a cikinsu. Ta dafa gwiwata ta ce, "'Yar'uwa, faɗa da bakinmu. In su ba su ji ba, Shi zai ji."

Ban san lokacin da na sauka daga kujera ba. Na dai tsinci kaina a ƙasa, goshina kan siminti, ina magana da ƙarfi. Faɗa nake yi da Allah, ina tambayarsa dalilin da ya kawo ni nan ya ɗauke babana a bayana. Da faɗan ya ƙare sai roƙo ya biyo. Can na ji wani abu da ya daɗe a ƙirjina ya saki, na ja numfashi har ciki, irin wanda na manta ana ja. Na tabbata a ranar, kuma har yau ina kan bakana, cewa an ji ni, an kuma yafe mini shirun da na yi.

A sama mawaƙan coci ke gwajin waƙa. Wani ya ji ihuna ya kira motar asibiti. Ma'aikata biyu suka sauko suka auna jinina, suka ce ƙalau nake. Alhamis ta gaba muka tarar da kwaɗo a ƙofar ɗakin, da takarda mai cewa kwamitin kula da gini ya dakatar da haɗuwarmu.

Aka kira zama bayan sujadar Lahadi. Shugaban kwamitin dattijo ne da ya yi shekara arba'in a cocin, kuma duk kwanon rufin da ya yi yoyo shi ke tsayawa a gyara. Ba mugu ba ne. Ya yi dogon bayani kan inshora da maƙwabta da martabar coci. Ya ce za a buɗe mana ɗakin in mun yarda da sharaɗi uku: a yi komai da Turanci, kada a ɗaga murya, kuma wani ɗan kwamiti ya riƙa zama cikinmu. Ya rufe da cewa ya san irin wannan abu al'ada ce a inda wasunmu suka fito, amma nan cocin Metodis ne.

Ni da ban taɓa magana a taron coci ba, na miƙe da littafin Mama a hannu. 

"Baba, da girmanka," na ce masa. "Abin da ya same ni ba daga ƙauyenmu na zo da shi ba. A cocinmu na gida ko tari ka yi sai an harare ka. A littafinku na gan shi. Waɗanda suka kafa wannan ɗariƙa an rufe musu ƙofa saboda abin da kuka rufe mana. Idan na yi abin kunya, to su suka fara."

Ya ce wancan zamani ne daban. Na ce masa ban yarda da sharaɗi ko ɗaya ba, domin ba zan iya yi wa Allah alkawarin yaren da zan yi kuka da shi ba. Fasto ya nemi a ɗaga maganar zuwa wani zama. Mama ta ɗauki sandarta ta ce ita ta tsufa da jiran zama, ran Alhamis za a same ta a lambun da ke kusa da kotu, kan benci na biyu.

Haka muka yi. Ranar farko mu shida ne, domin biyu sun ji tsoron a ce sun yi wa coci tawaye. Muka zauna da rigunan aiki, motoci na wucewa, wasu dattawa na buga wasan domino a gefenmu. Wani mai sayar da turare da tazbaha, mutumin Nijar, ya ji Hausa ya matso ya gaishe mu. Da ya gane addu'ar Kirista ce sai ya yi mamaki, ya ce bai taɓa ganin Bahaushiya irina ba. Na ce masa muna da yawa, kallo ne bai kai gare mu ba. Ya yi dariya ya koma kan teburinsa.

Ba mu bar coci ba, kuma wannan ne ya fi damun kwamitin. Kowace Lahadi muna nan a layi na uku, muna waƙa, muna karɓar jibin Ubangiji. Kafin ƙarshen bazara mun kai sha tara, har da wani direban tasi da matar ɗaya daga cikin 'yan kwamitin. Wata rana Fasto ya zo ba tare da rigar aiki ba, ya zauna a ƙarshen benci. Mama ba ta tsallake shi ba. Ya daɗe yana kallon takalminsa, sannan ya ce ya gaji, kuma ba shi da wanda zai gaya wa.

A watan Oktoba aka cire kwaɗon, aka aiko mana cewa sharaɗi ɗaya ya rage, na ɗan kwamiti. Muka mayar da amsa cewa duk wanda ya zo maraba da shi, amma za a tambaye shi kamar kowa. Ba su ƙara aiko da komai ba, mu ma ba mu koma ba. Da sanyi ya kama muka rabu gida biyu. Rabi suka tafi falon Mama a unguwar Parkchester, rabi kuma suka dawo ɗakina, inda Mama ta ce ni zan riƙa yin tambayar. Kujeruna uku ne kacal, saura kan zauna bakin gado, direban tasi kuma kan kifa bokitin wanki ya hau. Shekara huɗu muka yi a haka kafin in sami takarduna in tafi ganin kabarin babana.