Kujerar Baya ta Motar Baba

Shekara biyu ƙanena ya yi yana gyaran motar Baba, kuma ban tuna ranar da bai ɓata mini rai a ciki ba.

Tsohuwar motar Amurka ce, doguwa kamar kwalekwale, tana ajiye a ƙofar gidanmu a unguwar Waziriyya tun rasuwar Baba. Da ita yake kai mu bakin teku duk Juma'a bayan la'asar, Umma a kujerar baya, fulas ɗin shayi a cinyarta. Abu ɗaya ta roƙa: a tayar da motar a kai ta teku ko sau ɗaya ne, kafin gwiwoyinta su ƙi gaba ɗaya.

Aikin wata guda ne ga mai hankali. Amma ƙanen nawa makanike ne mai kallon bidiyon motocin tsere, sai ya ce motar Baba ta wuce a tayar da ita kawai. Ya ciro injin, ya dasa wani ƙato da ya samo a tashlih, inda ake sayar da kayan matattun motoci. Ya sassauke ta har cikinta na shafar ƙasa. Ya yi mata jan fenti, bai yi masa ba, ya kankare ya sake. Tukunyata ta tuwo ma ba ta tsira ba, a ciki na tarar da notuna sun kwana a fetur.

Duk sanda na yi magana sai ya ce, "Halas, Yaya, bukra in sha Allah." Na ji bukrar nan, wato goben da ba ta zuwa, har ta fita raina. A lokacin Umma ta tashi daga sanda ɗaya ta koma biyu.

Ranar da ya gama, ƙarar salansar ta fito da maƙwabta har na layin baya. Ni na riƙo Umma muka sauko. Ta sa sabuwar abaya, ta kuma dage sai da na dafa shayi. Gaskiya motar ta yi kyau, abin da ya ƙara mini haushi ke nan.

"Yalla, Umma, bismillah," in ji shi, yana washe baki.

Ta leƙa ta taga, ta daɗe tana kallo. A baya babu komai sai wasu ƙarafa a gicciye.

"To ni ina zan zauna?"

Ya fara bayanin wai ya cire kujerar ne don ya rage wa motar nauyi, gaba ma ya fi daɗi. Ta ce shekara talatin ba ta taɓa zama a gaba ba, daga baya take ganin ƙeyar malam, wato Baba.

Ashe kujerar tana saman bene tun bara, rana ta farfasa fatarta. Na so in zage shi, na ga ya sunkuyar da kai, sai na fasa. Umma ta ce a sauko mata da ita ɗakinta. A kanta ta zauna da sabuwar abayarta, ta ce in zuba shayin kada ya huce.