Sunan da Baba Bai Rubuta Ba

Shekaru sun yi nisa, kuma shekarata goma ce a lokacin, saboda haka ba zan rantse a kan kowane ƙaramin abu da zan faɗa ba. Abin da nake da tabbaci a kansa shi ne, wata safiyar Asabar a sanyin da ya shigo da shekarar 1979, mun wayi gari a unguwar Woolwich da ke London an zuba dusar ƙanƙara irin wadda tsofaffin unguwa suka ce sun daɗe ba su gani ba. Motocin bakin titi sun nutse har rabin taya, bas bai fito ba, gari ya yi tsit. Na zauna a bakin gado ina ɗaura igiyar takalmi da sauri, domin wata huɗu ke nan ina jiran wannan rana.

Baba ma'aikacin gwamnatin jiha ne. A shekarun nan kuɗin mai ya shigo, ana ta tura ma'aikata kwas Ingila har da iyalansu, shi ne muka zo mu huɗu: shi, da Umma, da ni, da ƙanena Sani mai shekara shida. A gefen babban filin da ke bayan layinmu akwai wata rumfar katako ta wani ƙaramin kulob na 'yan unguwa masu wasan siki, wato tafiya a kan ƙanƙara da dogayen katakai biyu a ƙafa da sanda biyu a hannu. Nasu ba na gangarowa daga kan dutse ba ne, na zagaya fili ne a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. London kuwa ba garin ƙanƙara ba ne, sai sanyi ya zo ya wuce ba a samu wadda za ta kwana ba, don haka mafi yawan lokaci atisaye suke yi a kan ciyawa da sanduna, suna duban sama. Ba wanda ake biya a cikinsu. Wata rana Baba ya tarar suna gyaran rufin rumfar, ya tsaya ya riƙe musu tsani, ya dawo gida yana gaya wa Umma ashe Turawa ma suna gayya. Daga ranar ya zama ɗan kulob.

Tun watan Satumba nake bin sa duk Asabar. Ni nake sa wani ɗan ƙarfe in kankare tsohon kakin da ake shafa wa ƙarƙashin katakan yara don su yi santsi, in goge, babba ya shafa sabo. Ni nake bin hanyar da za a zagaya ina tsince duwatsu da rassan da iska ta karyo, in zuba a buhu. Na jera takalma daga ƙarami zuwa babba, na wanke kofunan shayi da ruwan da ke sa yatsu su ƙage. Umma kan ba mu fulas na shayi mai citta da ƙosai a kwano, kafin a ce haka kwanon ya zama fanko. Sakatariyar kulob ɗin, wata doguwar mata da muke kira Misis Dora, takan dafa kaina ta ce ban san gajiya ba. A cikin katakan yara na riga na zaɓi nawa a raina, wasu jajaye da suka yi daidai da tsawona, kuma nan na fi daɗewa wajen gugar.

Ina jin ƙafa goma sha biyu ne katakan yaran, ko da yake mai yiwuwa sun ɗan fi haka. Yaran unguwa kuwa sun ninka su. Sai aka kafa doka: akwai littafi a kan tebur, uba ko uwa su rubuta sunan ɗansu, ranar da ƙanƙara ta sauka a bi sunaye bi da bi, kowa ya yi rabin awa. 'Ya'yan masu aikin sa kai su ake fara kira. Da yake Baba mutumin ofis ne mai kyan rubutu, shi aka damƙa wa littafin.

Ni ce 'yar fari, kuma duk Bahaushe ya san abin da wannan ke nufi a gidan da ake riƙe da kunya. Ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba. "Ke" nake, ko "yarinyar nan". Can gida Arewa wannan bai taɓa cutar da ni ba, domin idan Baba ya rabo tsaraba ya tsallake ni, Gwaggo tana nan za ta ce a kawo kason 'yarta, har ta ƙara mini da nata. Abin an gina shi ne a kan cewa akwai wani a gefe da zai tsaya wa ɗan fari. Wannan shi ne abin da har yau nake jin haushin Baba bai tsaya ya duba ba: a Woolwich ba mu da Gwaggo.

Da muka isa rumfar ranar, iyaye da yara sun yi layi har waje. Manya sun riga sun bi hanyar sun fitar da sawu biyu a kan ƙanƙara, tutocin da na taya kafawa suna kaɗawa. Baba ya zauna a tebur ya buɗe littafi yana kiran sunaye, Misis Dora tana miƙa katakai. Na tsaya kusa da ƙofa inda zai gan ni. Aka kira 'ya'yan masu aiki ɗaya bayan ɗaya, aka kira Sani, aka shiga sauran yara. Jajayen nan suka tafi a ƙafar wani yaro da ban taɓa gani a rumfar ba ko sau ɗaya. Na ce wa kaina wataƙila ya sa ni a ƙarshe ne saboda kara, na ci gaba da ɗibar shayi ina miƙa wa mutane. Da ya tashi zai yi azahar a bayan rumfa, na leƙa littafin. Na bi shafi uku da yatsa, sau biyu. Babu ni.

Sani bai yi minti goma ba ya faɗi, ƙanƙara ta shige masa wuya, ya fara kuka yana cewa da Turanci a kai shi gida. Na cire masa katakan na riƙe, na je wajen Misis Dora na tambaye ta ko zan ƙarasa lokacinsa, ko da sun yi mini kaɗan. Ta duba littafin, ta dube ni, ta ce doka ita ce a ba na gaba a layi.

"Ai babanki ne mai littafin," in ji ta. "Da yana so ki hau, da ya rubuta ki."

Ta karɓe su daga hannuna a hankali, da murmushinta. Ban ce tana da mugun nufi ba, ban san zuciyarta ba. Amma matar nan wata huɗu tana ganina a durƙushe ina kankare kaki. Kalma ɗaya za ta yi wa Baba, ta ce ina ta 'yarka, shi kuma ya sunkuyar da kai ya ce to yadda kuka gani. Na tabbata abin da yake jira ke nan. Yana zaune yana yi musu kara, yana jiran su rama masa, su kuma sun ɗauka mutumin ya yanke shawara ne a kan 'yarsa, ba ruwansu. Kowa ya yi abin da ya sani daidai ne, ni ce na tsaya a bakin ƙofa da buta a hannu.

A hanyar gida ni ma kunyar ta ɗaure ni, ba zan iya duban Baba in ce ka manta da ni ba. Na gaya wa Umma a kicin. Ita ma 'yar farinta ce ni. Ta ci gaba da yanka albasa, ta ce in yi haƙuri, gobe ma rana ce, amma ban ji ta ɗaga masa maganar ba. Lahadi muka koma, aka ci gaba daga inda layi ya tsaya, na sake wanke kofuna. Abin da ya biyo baya ban riƙe shi sosai ba. Na san dai an shiga makaranta, an yi ruwa, filin ya koma taɓo, kuma da aka sake samun ƙanƙarar ina kwance da mura. Kafin wani sanyin ya zagayo kwas ɗin Baba ya ƙare, mun koma gida.

Na san za a ce abin bai kai ya kawo ba, rabin awa ce a kan katako. Ni ma na sha gaya wa kaina haka, har na yi digiri na yi aure ina gaya wa kaina haka. Amma ba katakon ne ya tsaya mini ba. A ranar na koyi cewa zan iya yin aiki har yatsuna su tsage, mutanen da suka fi kowa sona suna kallo, kuma babu wanda zai buɗe baki saboda ni. Yanzu 'yar farina ina kiran sunanta a gaban kowa, ina rubuta shi a duk takardar da aka miƙo mini, wasu dangi suna cewa na yi rashin ta ido. Duk da haka nakan yi kewar irin gidan da akwai gwaggo a gefe, wanda uba zai iya yin shiru ba tare da ɗansa ya yi asara ba.

Baba ya rasu ban tambaye shi ba. Bayan rasuwarsa Sani ya ce mini wai ya tuna ranar Lahadin Baba ya je wajen Misis Dora ya ce mata akwai wata yarinya kuma, ita ba ta gane wadda yake nufi ba. Shekararsa shida a lokacin, kuma Sani mutum ne mai son a shirya, don haka ban san nauyin da zan ba maganar ba. Akwai wasu iyalan Arewa biyu ko uku da suka zo filin a kwanakin. Idan wani cikinsu ya karanta wannan ya ga na yi kuskure, ya aiko mini da gyara ta hannun masu wannan shafi. Na fi buƙatar jin ko Baba ya tashi daga teburin nan ya yi magana.