Ranar da Kuntala Ta Rage Gishiri

Kuntala ba 'yar garinmu ba ce, aure ne ya kawo ta daga wajen garin Kendrapara, a nan ƙasarmu Indiya. Ba ta daɗe ba zazzaɓi ya ɗauke mijin, babu ɗa babu jika, ta ɗaura farin zanen takaba ta zauna. Abin bautar garinmu sunansa Gopala, mai siffar ƙaramin yaro. Da hannun tsohuwar mai dafa wa Gopala abinci ya fara rawa, sai Baba Dinabandhu, limamin ɗakin bauta, ya miƙa wa Kuntala ludayi, don ya lura da halinta. Ita komai za ta yi sai ta ce, "Naka ne, Gopala." Ɗiban ruwa naka ne, shafe daɓe da kashin shanu naka ne, har tsince tsakuwa a shinkafa. Muna 'yan mata muna kwaikwayonta muna dariya, ko a jikinta.

To kun dai san ƙa'ida. Mai dafa wa Gopala ba ta ɗanɗanawa. Ƙyalle take ɗaurewa a baki da hanci, don ko ƙamshi kada ta riga shi sha. Sai an ɗora ganyen ɗoɗɗoya, an ja labule, an kaɗa ƙararrawa ya ci, sannan a zuba wa mutane a ganyen ayaba. In harshe ya taɓa tukunya, ragowa aka ba shi, kuma ragowa duk gari ya ci.

Abin da ya jawo mata, dalmarta, miyar nan ta wake da kabewa, ba ta taɓa kuskurewa. Waken ya narke, kabewa ta nuna, gishiri cif, rani da damina. Hemalata matar mai matsar mai ce ta fara ɗaga zancen a bakin tafki, muna wanki. Wai ita da harshenta take girki tun tana yarinya, amma wata rana ya zarce, wata rana ya gaza, to wannan da baki a ɗaure fa? Kuntala na zuwa da tulu Hemalata ta tare ta tana murmushi, ta kira ta Mausi, wato Inna.

"Mausi, ni kuwa hannun nan naki harshe gare shi? Ara min shi mana, ko maigidana ya daina ɓata rai."

Aka kwashe da dariya. Kuntala ta ce ita dai zubawa take yi. Ta cika tulunta ta tafi, amma ta ji shirun da ya biyo bayanta.

Daga nan ta fara ganin abubuwa. Mata su karɓi abinci su tsaya suna juya shi da yatsa. Wata mai jinyar ɗa, wadda kullum sai ta ƙunsa masa loma don tabarruki, ta daina zuwa. Kuntala ta shanya ƙyallen bakinta nan, ta dawo ta tarar an juya shi, ana neman tabon miya. Shi kansa Baba Dinabandhu, da bai taɓa leƙa madafi ba, sai ga shi wai yana neman ashana, anjima wai man fitila. Ita ma sai ta koma zargin kowa. In an gaishe ta ta ce me ake nufi, in ba a gaishe ta ba ta ce an gama magana ke nan.

Ana dab da bikin sabuwar shinkafa Baba ya kira ta, yana kallon ƙasa. Ya ce dattawa sun ce in ba a wanke zancen nan ba, sai dai ta ajiye ludayi. Aka sa Hemalata ta zauna a bakin ƙofar madafi ta sa ido. Ta zauna kuwa, ba ta ga komai ba, ta fito ta ce ai baya Kuntala ta ba ta lokacin da take juya tukunya, ita ba za ta rantse ba.

Nan Kuntala ta gane ido ba zai wanke ta ba, sai kuskure. Ranar bikin ta yi wanka, ta ɗaure baki, ta ɗora tukwanen ƙasa. Da ta zo kan gishiri ta ɗebo yadda ta saba, ta tsaya, ta mayar da rabi cikin kasko. Ta buɗe baki ta ce naka ne, maganar ta ƙi fita. Haka aka shiga da abincin aka ja labule, tana tsaye a waje tana jin ƙararrawa.

Dalma ta fito lami. Ku zo ku ga murna! Mata na ci suna taɓa juna, wai ashe ita ma mutum ce. Hemalata har da rungume ta, tana cewa ai da ma wasa take yi. Baba ya yi ajiyar zuciya ya ce magana ta mutu.

Washegari Kuntala ta zo da ludayi da ƙyalle a wanke, ta ajiye a gabansa.

"Me kuma ya faru, 'yata? Ai an wanke ki."

"Baba, jiya ba Gopala na dafa wa ba. Hemalata na dafa wa, shi kuwa na bar shi ya ci abin da na san bai yi ba."

Ya lallashe ta, ya ce Gopala yaro ne, ba ya riƙo. Ta ce ta sani, amma yanzu duk ta ɗebi gishiri fuskar mutane take gani.

Kafin la'asar bakin tafki ya ɗauka. Wai wadda ba ta ɗanɗana ba, me zai sa ta gudu bayan an wanke ta? Aka ce Hemalata ta karɓi girkin, ta ce a rufa mata asiri, ba da ita ba. Ƙarshe daga wani gari aka ɗauko namiji, mai girki ƙofa a rufe, ba wanda ya taɓa tambayarsa.

Kuntala ta koma turara wa mutane shinkafa a gidaje har ta tsufa. Kullum da rana takan zo ɗakin bauta ta bi layi da ganyenta, ta cinye tas. Mata kan zunguro ta su ce yaya ta ji gishirin yau, ita kuwa ta naɗe ganyenta ta tashi.