Ramukan Rariya a Ajingi

Muna idar da sallar asuba bas ɗinmu ta bar Kano, mu ɗaliban injiniyanci da malaminmu na zane da kwamfuta, ga injin ɓare gyaɗa ɗaure a sama. Ni na zana shi. Eh, ni ɗin da sai da na aurar da 'ya'ya biyu na koyi rubuta sunana.

Daga Wudil muka karkata Gaya. Dawa ta yi kai hagu da dama, direba na ta kauce wa ramuka. A tasha muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance, kuɗinsa ne ya yi ƙiba.

Ajingi garinmu ne. Matan da muka yi shekaru muna tuyar ƙuli tare sun cika gindin darbejiya, har da ƙawata da ta taɓa ce min boko ba ya kama furfura. A gabansu za a gwada, a nan kuma malam zai ba da maki. Na zuba gyaɗa, na murza. Ta zubo yadda na zuba ta, da ɓawonta! Da manyan gyaɗar kasuwar Kano na auna ramukan rariyar injin, ta garinmu kuwa ƙanana ce.

Ƙawata ta ce, "Injiniya, a ɗauko miki turmi?"

Malam ya miƙo min kwamfutar da zanen ke ciki. Na sha yi masa faɗa a aji don ya tilasta mana ɗaure girman duk ramukan zane da lamba guda, ina cewa neman wahala ne. Na canza lambar nan. Ramukan suka tsuke gaba ɗaya a idona. Na haye babur sai Gaya, na tsaya a kan mai walda har ya huda sabuwar rariya.

Da la'asar na sake murzawa, ƙwaya ta dinga zubowa tas. Ni na fara rangaɗa guɗa, ban jira kowa ba.

Bayan magariba muka iso Kano, na ba malam haƙuri a bainar aji. Tafiyar ta koya min in auna gyaɗar gida kafin in zana wa gida inji. Yau da safe ƙawata ta kira ni: wai ranar yaushe ake ɗaukar masu furfura a makarantarmu?