Baƙuwar Japan ta durƙusa a ajina

Jama'a, yau gaisuwa kaɗai ta cinye mini darasi!

Wata baƙuwa daga Japan ta zo makarantarmu a Kucheri don koya wa 'yan ajina yarensu. Sati biyu ina shirin zuwanta. Tana shigowa ta rusuna musu, wai haka al'adarsu take. Yara suka ga babba ta rusuna, duk suka durƙusa. Ita ma ta durƙusa!

Na ce, "Ku tashi mana!"

Monitar ajin ta ce, "Malama, ai ba ma riga babba tashi."

Baƙuwa kuma ta ƙi tashi sai sun tashi.

Hedimasta ya leƙo, ya ga baƙuwarsa a ƙasa, shi ma ya tsuguna. A haka aka kaɗa ƙararrawa.

Na gaji wallahi. Ni kaɗai ce a tsaye, kuma ni ya kira ofis, wai ba ni da ladabi.