Inda Abba Yake Fuskanta

Mansur zuwa Jidda

Ba a kira asuba ba motar haya ta tsaya a ƙofar gidanmu da ke unguwar Mansur a Makka. Yaya Sale yana tsaye da carbinsa, ba rakiya ya zo ba, ƙara hana ni ya zo yi. Shekara shida ke nan yana gaya wa dangi cewa Abba, ɗana na fari mai sunan mahaifinmu, ya ɓata. Tun da aka kama yaron ba iƙama, wato takardar izinin zama, aka mayar da shi Najeriya, daga can ya ƙetara Barazil ya auri Kirista, Yaya ya yanke hukunci: wai ya bar salla, a daina ambatonsa a gidan nan. Ni kuwa ko a waya ban taɓa iya tambayar yaron ba, tsoron amsar nake yi.

"Ke Rabi, mutane suna sayar da gona su zo garin nan, ke za ki bar shi ki tafi ƙasar tsiraici?"

Na ce, "Yaya, ni na haife shi. Halas, magana ta ƙare, matsa in wuce."

A shingen Shumaisi askari ya duba iƙamata ya ce mu wuce. Direban, wani ɗan Yaman mai surutu, da ya ji inda na nufa sai ya tambaye ni ko ƙwallo za ni bugawa. Ban kula shi ba har Jidda.

Adis Ababa zuwa Sawu Paulo

A Adis na bi sahun mata a masallacin filin jirgi, a sama kuma a zaune na yi sallolina. Fiye da awa goma sha biyu muna kan ruwa da gajimare, ƙafafuna suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Muna sauka wani karen kwastan ya nufo jakata kai tsaye. Suka ƙwace dambun naman da na kwana biyu ina yi wa Abba, suka bar mini dabino. Na gaya musu abin da ke raina da Hausa, na ƙara da Larabci, su kuwa murmushi kawai suke yi.

Goyaniya zuwa garinsu Abba

Ƙaramin jirgi ya kai ni Goyaniya, daga nan bas, tafiyar awa huɗu. Ƙarshen Maris ne, a wurinsu farkon kaka, damina tana sallama. Ni haifaffiyar Makka ce, duwatsu na sani. A nan masara ce kore shar iya ganinka, ga jar ƙasa, ga zafi mai danshi da ke manna maka riga a jiki.

Abba ya tarye ni a tasha da gajeren wando, ba ko gemu. Na rungume shi ina kuka, amma maganar Yaya ta faɗo mini a rai. Matarsa Lusiya tana gefe da ɗan gicciye a wuya. Ta ba ni shinkafa da wake da soyayyen garin rogo, na ci ina satar kallon bangon ɗakin, ban ga ko aya ɗaya a rataye ba. Shi kuma ya koma wurin aiki, kamfanin yankan kaji.

La'asar ta yi, ba ladan. Na yi alwala na shimfiɗa mayafina, sai na tsaya cak. Shekarata hamsin da 'yan kai ban taɓa tambayar wani ina alƙibla take ba. A Mansur taga kawai za ka leƙa ka ga hasumiyar agogon Harami. Wallahi sai da na leƙa tagar, na ga bishiyar mangwaro. Na duba ko'ina ban ga darduma ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ce ashe Yaya ne mai gaskiya. Girman kai ya hana ni tambayar yarinyar, na fuskanci mangwaron nan na ɗaga hannu zan yi kabbara.

Sai na ji an kama kafaɗuna. Lusiya ce ta juya ni a hankali har na fuskanci kusurwar da ke tsakanin firji da ƙofa, ta ce, "Meka." Ta miƙa hannu bayan ƙofar ta ciro darduma ta shimfiɗa mini. Wurin goshi ya koɗe, wurin gwiwoyi ya kusa hujewa. Sallar nan da kyar na kai ƙarshenta don kuka.

Da Abba ya dawo na ba shi labari, ya yi ta dariya. Ya ce ai layin da suke yanka ma alƙibla yake kallo.

"Umma, wuni nake yi ina fuskantar gida. Kowace kaza da bisimillarta, kuma yawanci wurinku ake kai su."

Mako biyu na yi. Kullum Lusiya kan nuna mini agogo idan lokacin salla ya yi, ni kuma na koya mata tuƙa tuwon masara.

Komawa gida

Ta hanyar da na bi na dawo. Washegari na shiga kanti na zaɓi kaza, na sa mai kantin ya karanta mini ƙasar da ke jikin ledar, ya ce Barazil. Na dafa kabsa da ita, shinkafar nan ta Larabawa, na aika a kira Yaya. Ko Abba ne ya yanka wannan ɗin ko wani, Allah ne masani. Ni dai na bari sai da ya cinye cinya ya kama ƙirji, sannan na ajiye ledar a gabansa.

"Yaya, aikin ɗanka ke nan. In ya bar salla, to shekara shida mushe kake ci."

Hannunsa ya tsaya a cikin faranti. Ya kalli ledar, sannan ya ce ƙasa-ƙasa, "Abba yana lafiya?"

Na ce ga waya nan, ya tambaye shi da bakinsa. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na kuma gode wa Lusiya da ta nuna wa 'yar Makka alƙibla.